Robar da Kibwana Ya Ɗaura

A unguwar Ngamiani da ke garin Tanga na ƙasar Tanzaniya, idan murhun gas ya lalace wa mace, ba a tambayarta wa za ta kira. Mwanakombo za ta kira. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, kullum da kwandon kaba a hannunta ƙarƙashin baƙin mayafi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cefane ne. Filaya ce a ciki da sifana biyu, da tsohon buroshin haƙori, da allurai a soke jikin ƙyalle, da guntun sabulu cikin gwangwanin madara.

Wurin mahaifinta ta koya. Shi gyaran risho da fitila yake yi a bakin kasuwa, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ita gefensa tana miƙa masa allura. Da risho ya ja baya gas ya shigo gidaje, tsohon ya ce shi ba zai yi wasa da wutar da ba a ganin abincinta ba. Ita ta ci gaba. Ta yi aure, ta haifi mata biyu ta aurar. Mijinta direban motar kifi ne, bai taɓa hana ta fita ba, don ya san akwai gidajen da namiji ba ya wuce bakin ƙofa, murhun cikinsu kuma bai fasa lalacewa saboda haka ba.

Tana da wani hali da mata ke yi mata dariya a kai. Idan ta shiga kicin, kafin ta taɓa komai sai ta durƙusa ta kai hancinta dab da ƙasa.

"Ga mai yi wa murhu sujada nan ta iso," in ji matan gida.

"Astagfirullah. Ke dai ɗauke min ashanar nan daga hannunki, sannan ki yi surutu."

Takan ce gas ba hayaƙi ba ne. Hayaƙi sama yake nema, shi kuwa ƙasa yake bi kamar ruwa, ya sami wuri mai kwari ya kwanta. Bayan ta shinshina sai ta kifa tukunyar girki ta dubi gindinta. In ta ga baƙi, ta san wutar rawaya take ci maimakon shuɗiya, iska ba ta isar ta. Ko dai madarar kwakwa ta tafaso ta toshe ramukan kan murhun, ko zanzaro ya yi gininsa na laka cikin bututu. Sai ta ciro kawunan murhun ta jiƙa a ruwan zafi da lemun tsami, ta zauna ta bi ramukan da allura ɗaya bayan ɗaya tana tasbihi. A wuyan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna. Tun tana yarinya ta same shi, ranar da wata uwar gida ta ce mata "ai na kashe," ita kuma ta yarda ba ta duba ba. Daga ranar ba ta ƙara karɓar maganar kowa a kan wuta ba.

Shekarar da Kibwana mai gyaran keke ya rasu, Mwanakombo tana Muheza wurin 'yarta da ta haihu. Sai da aka kwana talatin da bakwai ta dawo, ta ajiye kaya ta nufi gidan, domin matarsa Shufaa ƙawarta ce tun suna makarantar allo.

Kibwana mutum ne da bai yarda akwai abin da robar tayar keke ba za ta gyara ba. Famfon gidansa da ita yake ɗaure, ƙafar kujera da ita, har murfin rediyo. Shi ya ɗauko murhun gas ɗinsu daga rumfar tsakar gida ya shigo da shi wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidan, wai kada ruwan damina ya riƙa dukan matarsa. Murhun mai baki biyu ne, da wurin gashi a tsakiya. Wurin gashin nan shi kaɗai ke kunna shi. Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya gasa wa Shufaa kifi da hannunsa, maƙwabta suna tsokanarsa yana dariya.

Yanzu gidan yana hannun yayarsa Riziki, wadda ta zo daga Pangani don ta tsare takabar. Riziki ba ta sassauci. Ta rufe tagogi duka ta cusa tsumma a kafofinsu, ta lulluɓe madubi, ta sauko da Shufaa daga gado zuwa tabarma a ɗakin ƙurya, wanda ƙofarsa ke kallon ta kicin, kuma sai an sauka taki ɗaya ake shigarsa. Safe da yamma tana ƙona lubban a bakin ƙofar shigowa saboda mamacin, hayaƙin ya bi doguwar hanyar da ta ratsa tsakiyar gidan ya rasa mafita.

Mwanakombo ta zauna a tabarmar. Suka yi kuka, suka yi addu'a. Shufaa ta rame, idanunta sun yi nauyi.

"Kaina ne, ƙawata," ta ce. "Idan na ɗago daga sujada sai in ga ɗakin yana juyawa. Abinci kuwa ko warinsa."

"Baƙin ciki ne," in ji Riziki daga bakin ƙofa. "Kuma mai gidan bai gama barin gidansa ba. Sai an yi arba'in. Ba ki ga ƙudajen nan ba? Tun da aka fitar da shi suka zo, na kore su na gaji."

Mwanakombo ta waiwaya. Ta ƙofar kicin tana hango bangon bayan murhu. Manyan ƙudaje ne korra, sun kai ashirin, sun taru a wuri guda ba sa tashi. Ba a shigo da kifi ko nama gidan nan ba tun rasuwar. Ta sha ganin haka a wurin aiki. Warin da ake zuba wa gas don mutane su gane shi, ƙuda yana ɗaukarsa warin mushe ne, ya bi shi har inda yake fita. Ta sunkuyar da kai kamar za ta gyara bakin zanenta, ta ja numfashi kusa da tabarma. Ƙarƙashin ƙamshin lubban akwai wani abu, kaɗan dai, kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Yaya Riziki, bari in leƙa murhun nan."

"Ta'aziyya kika zo ko neman aiki?"

"Dubawa kawai zan yi."

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu, daidai kan tabon. Shufaa ce, da wani ƙarfi da ba a zaci tana da shi ba.

"Kada ki taɓa. Tiyon gas ɗin ne ya tsage ta bayan wurin gashi, shi ya ɗaure da hannunsa ranar Alhamis. Ya ce gobe zai gasa min kifi. Juma'ar ce bai dawo ba. Shi ne abu na ƙarshe da ya gyara a gidan nan."

"Shufaa, robar keke ba ta riƙe gas. Cinye ta yake yi."

"Shekara talatin yana ɗaure abubuwa da ita," in ji Riziki, "yau ke za ki koya masa, yana cikin kabari?"

Mwanakombo ta roƙi abu biyu. A buɗe taga ko guda, kuma a riƙa murɗe kan tukunyar gas duk lokacin da aka gama girki. Riziki ta ce taga ba za ta buɗu ba, ga masu shan gahawa nan zaune a barandar maƙwabta tun safe har yamma, so ake su ga matar ƙaninta? Maganar tukunya kuwa ta ce to, to, irin wanda ake ce wa mutum don ya tafi. Mwanakombo ta ce za ta yi alwala, ta bi ta kicin ta murɗe kan tukunyar da hannunta. Ta san kafin magariba za a buɗe a dafa shayi.

Kwana biyu ba ta sami natsuwa ba. Ta je gyara gida uku, a na ukun sai da matar gidan ta ce mata, "Baiwar Allah, wannan kan ai kin wanke shi sau biyu." Mijinta ya ce ta je wurin liman. Ta ce liman namiji ne, ba zai shiga ya shinshina ba, kuma duk abin da za a gaya masa daga bakin Riziki zai fito.

Ana gobe arba'in, bayan la'asar, ta bi ta layin da gangan. Ana kafa rumfa a titi. Mai kawo gas ya tsayar da babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya sauke babbar tukunya sabuwa a bakin ƙofa, don ba zai shiga ba. Riziki tana bayan labule tana yi masa faɗa.

"Waccan ko sati biyu ba ta yi ba, kuma shayi kawai muke dafawa! Iska kuke cika mana?"

"Inna, cike na kawo ta, Allah shaida."

Mata biyu suka fito suka kama tukunyar suna gangara ta ciki, tana gurzar siminti. Mwanakombo ta tsaya tana jin ƙarar har ta kai ƙurya. Tana ganin abin a ranta: za su ja murhun gaba don su sami wuri, su fizgi tiyon don ya kai, robar da ta riga ta yi laushi ta ƙara buɗewa. Ga tukunya cike. Ta kuma tuna abin da ta gani a Pangani shekarun baya, lokacin arba'in ɗin mahaifin su Riziki. Al'adar gidansu Riziki ce, in maza sun shafa fatiha, a ɗauki kaskon turare da garwashinsa a zaga da shi ɗaki ɗaki a sallami mamacin, a ƙarshe a ajiye shi a ƙasa, gaban tabarmar mai takaba.

Washegari rana tana fitowa ta ɗauki kwandonta. Maza sun cika rumfa, karatu ya yi nisa. Manyan tukwanen shinkafa suna gidan da ke tsallaken titi, a kan itace, yawancin mata suna can. Ta yi sallama ta shiga. Riziki tana ɗakin gaba tana hura garwashi a kasko, ba ta gan ta ba.

Tsakiyar hanyar ta durƙusa. Wata maƙwabciya da ke jera kofuna ta kwashe da dariya.

"Yau ma? Ai sai ki bari a gama ta mamacin tukuna."

Mwanakombo ba ta ma buƙaci kai hanci ƙasa ba, a gwiwa warin ya tare ta. Ta miƙe ta wuce kicin da sanɗa, kamar mai gudun kada ta tashi wani daga barci. Ƙudajen sun rufe bangon. Cikin amon karatun da ke shigowa daga titi tana jin wani siririn sauti a bayan murhu, kamar mutum yana hura iska ta tsakanin haƙora. Ta murɗe kan tukunyar har sai da yatsunta suka yi zafi. Sautin ya ɗan ci gaba, sannan ya mutu.

Ta sauka ɗakin ƙurya. Duhu ne. Shufaa tana kan sallaya a kife, goshinta a ƙasa.

"Shufaa."

Ba ta motsa ba.

"Shufaa!"

Shufaa ta yi wani nishi. Maƙwabciyar ta biyo baya tana cewa bari ta kunna wuta a gani, ta miƙa hannu ga makunnin lantarki. Mwanakombo ta make hannun da ƙarfi har kofin da ke ɗaya hannun ya faɗi.

"Kin haukace ne?"

"Kada ki taɓa komai. Ko fanka. Ki tsaya a inda kike."

A waje muryar liman ta ɗaga, maza suka amsa da amin mai tsawo. An shafa. Sai ga haske ja ya ɓullo a can farkon hanyar tsakiya. Riziki ce, kasko a tafin hannu bisa tsumma, tana fifita shi da gefen mayafi, tartsatsi yana tashi. Ta shiga ɗaki na farko, ta fito. Ta shiga na biyu.

Mwanakombo ta suri butar alwalar Shufaa ta haura takin nan, ta tare Riziki kafin ta kai tsakiya.

"Yaya Riziki, koma da shi waje."

"Ke kuma wa ya gayyato ki, mai sifana? Matsa min."

"Gas ya cika ƙuryar nan. In kika sauke wannan a ƙasa, ba ke, ba ni, ba Shufaa, har na cikin rumfa."

"Kwana arba'in ina ƙona turare a gidan nan, me ya faru?"

"A bakin ƙofa kike ƙonawa. Don Allah, Yaya. Don girman Allah."

"Sallamar ƙanina ce. Ba ki da uwa a gidan nan ba ki da uba. Matsa!"

Ta sa kafaɗa za ta wuce. Wani ɗan garwashi ya zame daga bakin kaskon. Mwanakombo ta tare shi da tafin hannu ta damƙe, da ɗaya hannun kuma ta juye butar gaba ɗaya cikin kaskon. Ya yi cuu, farin tururi ya tashi, toka ta fantsama a fuskar Riziki.

Riziki ta tsaya tana kallon baƙin ruwan da ke ɗiga daga hannunta. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Kin kashe masa turare."

"Na kashe."

Mwanakombo ba ta tsaya jin sauran ba. Ta koma ɗakin ƙurya. Tagarsa ɗaya ce, kuma titi take kallo, daidai rumfar maza. Ta cire mayafinta ta lulluɓe Shufaa da shi tun daga kai har ƙafa. Kallabinta ya bi mayafin ya faɗi, ba ta ɗauka ba. Ta zare tsummokaran, ta bugi tagar da gwiwar hannu ta buɗe. Maza kusan sittin suka ɗago suka ga matar direban kifi, kai ba ɗankwali, furfura a waje.

"Duk mai taba ya kashe!" ta ce. "Kada wanda ya ƙyasta ashana a layin nan sai na ce!"

Ita da maƙwabciyar suka ɗauki Shufaa suka fitar da ita tsakar gida ta baya, suka kwantar a inuwar bishiyar mangwaro. Mwanakombo ta buɗe kowace ƙofa da kowace taga. Ta ɗauki faifai ta shiga ɗakin ƙurya tana kaɗa iska ƙasa ƙasa zuwa ƙofar baya, kamar mai korar ruwan da ya shigo ɗaki. Matan da suka taru suna kallonta tana share abin da ba sa gani. Ba wadda ta yi dariya.

Sai da rana ta yi sama, ta durƙusa a kowace kusurwa ba ta ji komai ba, sannan ta kira Riziki kicin. Ta kaɗa sabulu a gwangwani, ta shafa kumfar a kan robar da Kibwana ya ɗaura, ta ɗan buɗe kan tukunyar. Kumfar ta kumbura, ta yi ƙwai, ya girma kamar maƙogwaron kwaɗo, ya fashe, wani ya taso a bayansa. Ta rufe. Riziki ta daɗe tana kallo. Ta juya ta fita.

Shufaa ta farfaɗo, ta sha ruwa, ta yi amai, ta jingina da bishiyar. Mwanakombo ta zauna kusa da ita tana ɗaure tafin hannunta da ya tashi. Su biyu ne kawai.

"Ina jin sa," in ji Shufaa. "Idan na kwanta ina jin yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Warin da ke hannunsa ne ranar da ya ɗaura. Ya zo ya ce min, shinshina, yau na zama Mwanakombo."

"Kin san mene ne, Shufaa?"

Shufaa ta kalli ƙasa.

"Tambayarki nake. Kin san abin da yake yi wa mutum?"

Tana ta jan carbinta, bakinta ba ya motsi.

Mwanakombo ta tashi ta koma kicin. Wuƙa tana cikin kwando, amma ba ta ɗauko ba. Da farce ta nemo bakin ƙullin, ta warware robar a hankali, zagaye bakwai, ta yi danƙo tana manne wa yatsa. Ta wanke ta da sabulu, ta shanya, ta naɗe ta kai wa Shufaa ta sa mata a hannu. Ta cire tsohon tiyon ta sa sabo, ta matse bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe, ta shafa kumfa ta ga ba ta motsa ba. Ta kunna baki na farko, ta kunna na biyu, wuta shuɗiya. Wurin gashin kuwa da ta buɗe bututunsa, zanzaro ya riga ya cika shi da laka. Ta kakkaɓe, ta goge, ba ta kunna ba.

Da ta gama, ta kwance kan da ke haɗa tiyo da tukunya ta jefa a kwandonta, ta rufe da ƙyalle. Murhu ya gyaru, amma ba mai iya kunna shi.

Saura wata uku takabar ta ƙare. Duk safiya Mwanakombo ce ke kawo shayi a fulas da abinci a kwano daga gidanta. Riziki ta mayar da tagogin ta rufe tun washegari, sai dai ta ɗakin ƙurya ta bar ta da faɗin tafin hannu, kuma ba ta ƙara amsa sallamar Mwanakombo ba. A barandar masu gahawa an daɗe ana maganar furfurar matar direba, har mijinta ya daina zama a wurin.

Ƙudajen sun watse cikin kwana biyu. Duk da haka, in Mwanakombo ta zo sai ta durƙusa a bakin ɗakin ƙurya ta ja numfashi, alhali ta san kan tukunyar yana gidanta ƙarƙashin gado. Daga nan ta sauka ta zauna a tabarma, ta zuba shayi, ta tsaya sai ta ga an shanye. Robar tana nan a naɗe kusa da carbi, gefen sallaya. Wani lokaci in Shufaa ta ɗauka ba a kallonta, takan ɗauke ta ta kai hanci.